Abin da mabuɗin fim ke faɗa kafin jarumi ya buɗe baki

Duk wanda ya taɓa zaman kallo da yaran Hausawan Jidda ya san ba a ɓoye musu nau'in fim. Kunna musu wanda ba su taɓa gani ba, ka hana su ganin sunansa, kafin a yi minti biyu wani zai ce na ban tsoro ne, ko na soyayya, ko na 'yan fashi, kuma da wuya ya faɗi ba daidai ba. Babu malamin da ya zaunar da su ya karantar da su wannan. A gidajen da suka tashi, Hajiya tana bin wasannin Masar da azumi, yayye mata suna kallon Indiya mai fassarar Hausa, Kawu yana jiran sabon shirin Kano a YouTube, su kuwa na Amurka suke bi a waya. Idon da ya saba da waɗannan duka ya haddace alamomin kowanne, kuma galibin alamomin nan a mabuɗin fim ake zuba su, wato fitowar farko da 'yan mintocin da ke biye da ita.

Dalilin zuba su a nan ba ɓoyayye ba ne. Hoto ɗaya yana iya ɗaukar ma'ana biyu masu karo da juna. Mutum ya zame a matakalar bene ya gangaro ƙasa: a fim ɗin barkwanci dariya za a yi, ya tashi yana kakkaɓe riga, a fim ɗin rikicin gado kuwa, fitowa ta gaba zaman makoki ce. Mai kallo yana bukatar ya san tun da wuri wace irin duniya aka shigar da shi, wa ke iya mutuwa a cikinta, ko aljani na iya leƙowa ta taga, ko jarumi zai doki mutum ashirin ya fita ko ƙwarzane babu. Mai tatsuniya ta san wannan tun ba a ƙirƙiro kyamara ba. Da ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa ta zo mu ji ta, an gama magana: yau gizo zai yi wa zaki wayo, kuma ba wanda zai tambayi yadda aka yi dabba ke magana. Mai shirya fim ba shi da jimla guda irin wannan, shi ya sa yake harhaɗa tasa daga haske, da sauti, da wurin da ya kafa kyamara, da saurin yanka hoto ko jinkirinsa.

Fim ɗin ban tsoro ya fi kowanne kiyaye wannan ƙa'ida. Dubi Jaws na Steven Spielberg, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, wanda ya fito a 1975. Dare ne a bakin teku, matasa sun kewaye wuta suna hira, wata budurwa ta ware ta faɗa ruwa ita kaɗai. Sai kyamara ta koma ƙarƙashin ruwa tana kallon ƙafafunta daga ƙasa, tana matsowa a hankali, kiɗan John Williams mai amo biyu kacal yana ƙara sauri. Ba a nuna kifin ba ko kaɗan. An dai ga ana fizgar yarinyar nan gaba da baya tana ihu, sannan ruwa ya lafa. A cikin 'yan mintocin nan an koya wa mai kallo cewa duk sanda kyamara ta nutse, da idon dabbar yake kallo, duk sanda kiɗan nan ya tashi tana kusa, kuma fim ɗin ba ya tausayin kowa. Gwanintar ita ce yadda aka ci ribar wannan darasi daga baya. A wurin da wasu yara suka ɗaura fiffiken kifi na jabu suka tarwatsa masu wanka, ba a sa kiɗan ba, don haka kunnen mai kallo ya riga idonsa gane cewa wasa ne. Can gaba, bayan mutum ya gama sakin jiki cewa in babu kiɗa babu haɗari, sai kifin ya ɓullo a bayan jirgin ruwa ba tare da wani gargaɗi ba. Firgitar da ake yi a wurin, tun a fitowar farko aka shirya ta.

A al'adar wannan nau'i, wanda ake kashewa a mabuɗi baƙon fuska ne, an kawo shi ne kawai don a nuna girman haɗarin. Wes Craven ya san masu kallo sun haddace haka, sai ya juya musu ita a Scream na 1996. Drew Barrymore, wadda ta fi sauran 'yan wasan suna a lokacin, ita ce a gida ita kaɗai da dare tana toya gugguru, waya ta yi ƙara. Kowa ya ɗauka ita ce jarumar da za ta kai ƙarshe. Kafin a cika minti 15 an kashe ta. Daga nan babu wanda mai kallo zai iya rantsuwa cewa zai tsira.

Akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba game da waɗannan alamomi: rabinsu daga sinima suka fito, rabi kuma daga abin da jama'a suka riga suka yi imani da shi. In fim ɗin Hausa ya buɗe da tsohuwar tsamiya ko kuka a bayan gari, da almuru, iska na kaɗa ganye, Bahaushe ya gama sanin da su wa za a yi hulɗa. Baturen da ke zaune kusa da shi bishiya kawai ya gani. Haka kangon gida a sahara bayan magariba yake ga ɗan Saudiyya. Daraktan da ya san abin da mutanensa ke tsoro tun suna yara ba ya bukatar ya aro dodon wata ƙasa.

Kaboyi, wanda iyayenmu suka sha kallo a gidajen sinima na Kano da Kaduna, da fili da jira yake buɗewa. Sergio Leone ya kai abin matuƙa a Once Upon a Time in the West na 1968. 'Yan bindiga uku ne a wata tashar jirgin ƙasa a tsakiyar daji, suna jira. Magana kusan babu, kiɗa babu. Injin iska yana ƙara, ɗigon ruwa yana sauka a hular ɗayansu, ƙuda ya addabi fuskar wani. An ɗauki mintoci masu yawa a haka kafin jirgi ya iso, kuma ba ka iya ɗauke ido, domin nau'in fim ɗin ya riga ya gaya maka cewa mutane irin waɗannan ba tarbar ɗan'uwa suka zo yi ba. Shekara bakwai bayan haka Ramesh Sippy ya buɗe Sholay da jirgin ƙasa yana shigowa tashar da ba kowa, mutum ɗaya ya sauko, aka hau dawaki aka ratsa duwatsu zuwa gidan Thakur, wani tsohon ɗan sanda. Ba a jima ba sai ga 'yan fashi bisa dawaki suna bin jirgi. Ba'indiyen da ya je kallo a 1975 ya fahimci an kawo masa kaboyi ne da rigar ƙauyen Indiya, kuma Bahaushen da ya gan shi daga baya bai bukaci tafinta ba kafin ya gane hakan. Aro irin wannan ba abin kunya ba ne. Abin dubawa shi ne ko mai aron ya san aikin da abin ke yi.

Babu gidan Bahaushe a Makka ko Madina da zan yi mamakin samun Ar-Risala na Moustapha Akkad a ciki, kuma mabuɗinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Fim ɗin tarihi mai faɗi yana da al'adar nuna girmansa tun daga farko, ta hanyar fili, da dawaki, da fadojin sarakuna. Akkad ya bi wannan sau da ƙafa a 1976: mahaya uku suna sukuwa a sahara, kiɗan Maurice Jarre na tashi, suka rabu kowa ya kama hanyarsa, ɗaya zuwa ga sarkin Rumawa, ɗaya ga sarkin Farisa, ɗaya ga shugaban Iskandariyya, kowanne ɗauke da wasiƙar kira zuwa Musulunci. A tarihi, aika wasiƙun nan ya zo ne shekaru bayan hijira, amma sai aka jawo shi gaba, sannan aka koma Makka aka faro labari daga tushe. Hikimar ita ce, duk azabar da mai kallo zai ga ana gana wa raunana a Makka, yana kallonta ne da sanin inda al'amarin zai kai. Ban da haka, fim ɗin yana da ƙa'idar kansa: ba za a nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, kuma ba za a ji muryarsa ba. Buɗewa da manzanni da wasiƙu ya koya wa mai kallo tun daga farko cewa saƙon zai riƙa isowa ne ta bakin waɗanda aka aiko.

A fina-finan Indiya an fi sanin yadda ake shigo da jarumi: a fara nuna takalmi, ko bayansa, ko hannu, kiɗa ya ɗaga, sannan a bayyana fuska don masu kallo su yi sowa. Shi ya sa mabuɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 yake burge ni. Fim ɗin soyayya ne na Shah Rukh Khan da Kajol, amma Aditya Chopra bai fara da ko ɗayansu ba. Ya fara da uban yarinyar, Amrish Puri, yana watsa wa tantabaru hatsi a dandalin Trafalgar na Landan, zuciyarsa tana can gonakin Fanjab. Wannan zaɓi ya gaya maka inda rikicin yake. Ba za a sha wahala ba kafin yaran su so juna. Wahalar tana wajen dattijon da ya yi shekaru a ƙasar mutane, yake ganin in ya saki 'yarsa ta auri wanda ta ga dama, ya saki abu na ƙarshe da ya haɗa shi da gida. Ina ganin babu inda wannan fitowa ke shiga rai kamar a falon Bahaushen Jidda, inda akwai dattijon da ya zo aikin hajji tun yana saurayi bai koma ba, 'ya'yansa Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, shi kuwa har gobe yana maganar haɗa 'yarsa da ɗan ƙanensa na Kano. Wanda ya taso a irin gidan nan ba ya ɗaukar uban nan a matsayin mugun fim, ko da ya zare ido.

Saudiyya ta yi kusan shekara 35 ba gidan sinima. An buɗe na farko a Riyad ranar 18 ga Afrilu, 2018, da Black Panther, wanda shi ma da muryar yaro yana roƙon mahaifinsa labari ya fara. Jidda ta samu nata a farkon 2019, sannan bikin fina-finai na Bahar Maliya ya fara a tsohon garin a Disambar 2021. Amma tun kafin wannan duka, a 2012, Haifaa al-Mansour ta yi Wadjda a Riyad, tana ba da umarnin wasu fitowar kan titi daga cikin mota ta hanyar oba-oba. Fim ɗinta da ƙafafu ya buɗe. 'Yan mata ne a makaranta suna rera waƙar addini, kyamara tana ƙasa tana bin baƙaƙen takalma iri ɗaya, sai ga wasu takalman Converse masu igiya shunayya a tsakiyarsu. Daga ganinsu an san mai su ce za a bi, an kuma san ba ta cika zama inda aka ajiye ta ba. Wannan ma nau'i ne mai al'adarsa, na yaro da ƙaramin buri, kamar keke ko takalmi, wanda ta cikinsa ake leƙa al'umma gaba ɗaya. Children of Heaven na Majid Majidi, daga Iran a 1997, da hannun mai gyaran takalmi yana ɗinke takalmin wata yarinya ya fara. Irin wannan mabuɗi yana gaya maka ka rage gudu, ba bindiga a nan, abin da za ka nema yana cikin ƙananan abubuwa.

Masu dangi a Sudan, kuma suna da yawa a cikinmu, za su so ganin yadda Amjad Abu Alala ya buɗe fim ɗinsa na 2019 game da yaron da aka ce zai mutu yana ɗan shekara ashirin. Uwa ta kai jaririnta wurin shehi don neman albarka, wani darwishi yana juyi yana ƙirga, da ya kai ashirin sai ya yanke jiki ya faɗi. An ɗora wa fim ɗin agogo tun a fitowar farko, irin wanda ake sa wa fim ɗin bam, sai dai a nan rayuwar ƙauye ce ake ƙirgawa.

Ana kuma iya amfani da mabuɗi a kai mai kallo wata hanya da gangan. Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, ya fara kamar labarin soyayyar ɓoye: birnin Phoenix da rana tsaka, kyamara ta kutsa ta tagar otal, mace da namiji suna maganar aure da rashin kuɗi. Sai matar ta sace dala 40,000 ta gudu, mai kallo ya gyara zama yana cewa fim ɗin sata da farauta ne. Kafin a kai rabi an kashe ta a banɗakin wani masauki, labari ya koma wani abu dabam. Hitchcock ya sa gidajen sinima su hana kowa shiga bayan an fara, domin wanda ya makara bai hau hanyar da za a ɓatar da shi a kanta ba. Nakan tuna wannan in na ga mutane a sinimomin Jidda suna shigowa da gugguru da lemo bayan an yi minti goma, suna haska waya suna neman kujera. Sun biya kuɗin fim ɗin duka, amma ɓangaren da aka fi wahala a kansa ya wuce su. Sai dai akwai bambanci tsakanin wannan dabara da yaudara. In ka sake kallon Psycho za ka ga alamun suna nan tun farko, daga kiɗan Bernard Herrmann mai tayar da hankali da ke tafe da sunaye, har zuwa yadda kyamara ke leƙen asirin mutane ta taga. Fim ɗin da ya buɗe da harbe-harbe don kawai ya riƙe ka, sannan ya zaunar da kai awa biyu a falo ana gardamar kishiya, wannan alkawari ya karya.

A nan ne nake da magana da masu shirya fina-finanmu, kuma magana ce ta mai son abin. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa shirye-shirye masu dogon zango na yau, an samu ci gaba a hoto da sauti wanda ba mai musun sa. Mabuɗi ne ya tsaya wuri ɗaya. Sau da yawa za ka ga dogon jerin sunaye da godiya, sai hoton gari daga sama, sai mota ta tsaya a bakin ƙofa, maigadi ya rugo ya buɗe, Alhaji ya fito ya shiga falo, a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi yara. Minti biyar sun tafi ba ka san ko dariya aka kira ka ba ko kuka. Gaisuwa tamu ce, ba na cewa a cire ta. Amma gaisuwa tana iya ɗaukar labari: amarya ta durƙusa ta ce "Ina kwana, Yaya," uwargida ta amsa ba tare da ta ɗago daga wayarta ba, shi ke nan an san gidan da aka shiga. Masu barkwanci sun fi kowa gane wannan. Marigayi Rabilu Musa Ibro yana bayyana a allo, daga shigarsa da tafiyarsa ka san yau ba hawaye.

YouTube ya kawo wata al'ada: a yanko wurin da ya fi zafi a tsakiyar shiri, mari ko saki ko kuka, a manna shi a gaba don kada mai kallo ya wuce. Na fahimci dalilin, tunda yatsa ɗaya ya isa ya kai mutum wani shirin. Amma wannan talla ce. Tana nuna maka abin da zai faru, ba ta koya maka yadda za ka ji shi ba, kuma in lokacin marin ya zo ya riga ya huce.

A ce wani zai yi fim a kan Bahaushiyar da ke zaune a Jidda ba igama, wato takardar izinin zama, labarin da kowa a nan ya san irinsa. Titi ɗaya ne, mace ɗaya, da 'yan kayan sayarwarta a kan shimfiɗa. In aka fara da hannunta yana jera kaya, can sai ƙarar mota ta rage gudu a bayanta, ta naɗe shimfiɗar da kayan a motsi ɗaya ba tare da ta waiwaya ba, an shaida wa mai kallo cewa fim ɗin fargaba ne, kuma matar ta daɗe tana wannan rayuwa. In aka fara da ita tana ƙirga riyal a ɗaki da dare, waya a kunne, ɗanta daga Kano yana cewa "Umma, an ce a kawo kuɗin jarrabawa kafin Litinin," labarin uwa da ɗa ne, kuma hukuma ba ita ce babbar damuwa ba. In kuwa aka fara da ita tana ciniki da wani alhajin Najeriya da Larabci zalla, yana ta fama da kalmomi yana nuni da yatsu, sai da ya biya ta ce masa "Allah ya amfana, Alhaji, a gaida mutan gida," to an ba mai kallo izinin dariya har ƙarshen fim, ko da daga baya za a taɓa masa zuciya. Kowanne cikin ukun bai wuce minti ɗaya ba, kuma ɗan wasa ɗaya ko biyu da kyamara guda sun isa a ɗauke shi.